Laima da giwa a gidajen Zongo: gado ne ko zaɓi?

Malamin sakandare, Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so in ajiye ta a gaban manya da ƙanana domin in ji yadda take a sauran gidaje.

Ranar 7 ga Disamba 2024 ɗana na fari ya jefa ƙuri'arsa ta farko a babban zaɓen Ghana, inda laima take alamar jam'iyyar NDC, giwa kuma alamar jam'iyyar NPP. Da muka dawo gida, mahaifiyata tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, sai ta kira shi, ta kama hannunsa, ta dubi tawadar da ke ɗan yatsansa, ta ce: "Laima ka dangwala wa, ko?" Yaron ya sunkuyar da kai, can ya ce: "Kaka, na dangwala inda hankalina ya kwanta." Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sake hannunsa kawai, kuma a daren nan ba ta taɓa abinci ba.

Na san abin da ya hana ta ci. Tana da shekara goma sha biyu lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta fitar da dokar korar baƙi a ranar 18 ga Nuwamba 1969, aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ƙanin mahaifinta, fatake ne na goro wanda a nan Kumasi aka haife shi, ya sayar da ɗakunansa a kan kuɗin da bai kai na kwanon rufinsu ba, ya hau babbar mota da matansa da 'ya'yansa, kuma ba ta sake ganinsa ba har ya rasu. Kakana bai tafi ba, amma tun daga shekarar bai ƙara yar da takarda ko ɗaya ba. Har yau muna da akwatinsa na ƙarfe cike da rasit na lampo, wato haraji, an ɗaure su da zare shekara-shekara, domin kada wata rana a ce masa shi ba ɗan ƙasa ba ne.

Ni kaina da na duba zuciyata sai na ga ban taɓa karanta alkawuran jam'iyyar da nake zaɓa ba kafin in fara zaɓenta. Na tashi ne na tarar ana cewa a gidanmu giwa ita ce jikanyar jam'iyyar da ta kori kawu. Tambayata ita ce: ra'ayin siyasar da muke tinƙaho da shi namu ne, ko kuwa tsoron iyayenmu ne muka gada muka saka masa rigar jam'iyya?

Dattijo, Akwatia Line

Wa alaikumus salam. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa.

Malam, Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Abin da ta gani na gan shi da idona, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Na ga motoci cike da mutane da tukwane da katifu, na ga mata suna kuka a tasha. Sai dai ina so yaran yanzu su san cewa tarihin Zongo bai fara daga 1969 ba, domin in aka fara daga nan za a ɗauka kora daga ɓangare ɗaya kawai ta taɓa zuwa mana.

A 1954 Musulmin ƙasar nan suna da jam'iyyarsu, MAP, kuma a Kumasi ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta ƙabilar Asante wajen adawa da jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Zongo ya rabu gida biyu, masu bin Alhaji Amadu Baba da masu bin Malam Mutawakilu wanda yake tare da CPP. Rabuwar ta shiga masallaci, ta shiga aure, ta shiga zaman makoki. A 1957, shekarar da aka sami 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan Lalemi zuwa Najeriya, alhali suna cewa a nan aka haife su. A ƙarshen shekarar aka yi dokar da ta hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki, jam'iyyun adawa kuma suka dunƙule suka zama jam'iyya ɗaya mai suna UP.

Mahaifina na Amadu Baba ne. Ina ɗan shekara goma sha uku na ga ya dawo gida ya zauna a zaure bai ce wa kowa uffan ba har la'asar. Daga ranar, jan zakara, alamar CPP, ya zama abin ƙi a gidanmu. Saboda haka da 1969 ta zo, sai muka rasa inda za mu sa kanmu, domin mutanen da mahaifina ya sha wahala tare da su ne suke mulki. Bai bar su ba, amma ya daina zuwa taronsu. Ni na tashi a kan giwa, kuma ina kai har yau. Ka ga ke nan, Malam, unguwa ɗaya, masallaci ɗaya, kora iri ɗaya, amma gidanku ya riƙe ta biyu, gidanmu ya riƙe ta farko.

Malamin sakandare, Aboabo

Baba, Allah ya saka da alheri. Na san sunan Amadu Baba, amma ban taɓa jin labarin daga bakin wanda abin ya taɓa gidansu ba. A gidanmu ba a taɓa ambatar korar 1957 ba ko sau ɗaya, kuma yanzu nake tunanin cewa abin da gida ya yi shiru a kansa yana gina ra'ayin yaro kamar yadda abin da ake maimaitawa yake ginawa.

Hajiya mai sayar da atamfa, Kejetia

Ina gaida Baba, ina gaida Malam. Ku maza kuna ta maganar kakanni da iyaye maza, alhali yaro ya fi jin maganar siyasa a bakin murhu fiye da zaure.

Mahaifiyata atamfa take sayarwa, a hannunta na gaji sana'ar. A 1979, bayan juyin mulkin 4 ga Yuni da Rawlings ya jagoranta, aka ɗora wa matan kasuwa laifin tsadar kaya, ana ce mana masu kalabule. A shekarar ne aka rushe kasuwar Makola a Accra, kuma a nan Kumasi ma mata sun sha bulala a bainar jama'a saboda an ce sun ɓoye kaya ko sun wuce farashin gwamnati. Wata rana wasu sojoji suka zo layinsu, suka sauke kayanta gaba ɗaya suka sayar a kan farashin da suka ga dama, tana tsaye tana kallo. Jarin shekara ashirin ya tafi kafin azahar. Ta dawo gida da mayafinta a hannu, ba a kanta ba, kuma wannan ne abin da ba na mantawa, domin ban taɓa ganin kanta a buɗe a waje ba sai ranar.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1992, mahaifina ya bi laima kamar yawancin maƙwabtanmu, yana cewa Rawlings, jagoran laima, ya san darajar talaka, kuma a zamaninsa ne ƙaramar Sallah da babbar Sallah suka zama ranakun hutu. Mahaifiyata ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. Amma mu 'ya'yanta bakwai, biyar ita muka bi, domin mu ne muka ci tuwo ba miya a shekarun da take neman farfaɗowa. Sannan aka aurar da ni gidan da tutar laima take rataye a falo. Shekara talatin ke nan muna zaune lafiya da maigida, ranar zaɓe mu fita tare, kowa ya shiga bayan labulensa. Ba mu taɓa tambayar juna ba, amma kowa ya sani.

Ɗalibin jami'a, KNUST (jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi)

Ina neman afuwar iyayena idan na saɓa. Duk abin da kuka faɗa ina girmama shi, amma ina ganin ƙarfinsa yana raguwa. Ni an haife ni ne bayan 2000. Abin da na sani da jikina shi ne dumso, lokacin da muke karatu da fitilar waya saboda yawan ɗauke wuta, da sakandare kyauta da aka fara a Satumba 2017 wadda ba don ita ba da wuya in kai inda nake, da kuma faɗuwar darajar sidi, kuɗin Ghana, a 2022 lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari har kuɗin da Baba yake turo mini na wata ya daina kai ni mako uku. Kowace daga cikin jam'iyyun biyu ta taɓa ni da alheri, kowace kuma ta taɓa ni da akasinsa. Abokaina da muke shan ataya tare ba sa maganar 1969. Maganarsu aikin yi ce da kuɗin haya da yadda za a fita waje.

Ko a gidajen manyan 'yan siyasa gadon ba ya tafiya a miƙe kullum. Gaskiya ne Nana Akufo-Addo na giwa ɗa ne ga Edward Akufo-Addo wanda ya yi shugaban ƙasa a zamanin Busia, kuma dangin J. B. Danquah ne, babban ɗan adawar Nkrumah, don haka nasa layin bai karkace ba. Gaskiya ne mahaifin John Mahama na laima ya yi aiki a gwamnatin Nkrumah, kuma Zanetor 'yar Rawlings tana majalisa a ƙarƙashin laima. To amma ga Alhaji Mumuni Bawumia: yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar mutanen Arewa a 1954, daga baya ya yi aiki da gwamnatin Nkrumah, sannan ya shugabanci Majalisar Ba da Shawara ta Ƙasa a zamanin Rawlings, ɗansa kuma ya zama ɗan takarar giwa a 2024. Idan gidan da siyasa ce sana'arsa zai iya sauya sheƙa, me zai hana ɗan mai sayar da koko ya sauya?

Ma'aikaciyar jinya, Nima, Accra

Ƙanena na jami'a, maganarka tana da hujja, amma ina so ka sake dubawa. Ka ce tarihin korar bai shafe ku ba. To ka taɓa zuwa karɓar katin ɗan ƙasa ko yin rajistar zaɓe aka ji sunanka aka ce ka faɗi asalin garinku? Ni an yi mini. Na ce Nima, ma'aikacin ya ce Nima ba gari ba ne, in faɗi inda kakana ya fito. Kakana a Accra aka haife shi, a Accra aka binne shi. Na tsaya a wurin hannuna yana rawa, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne muryar kakata tana cewa mu riƙa adana takardunmu. A ranar ban yi tunanin farashin shinkafa ba. Tsoron da nake ganin na tsofaffi ne ashe yana kwance a cikina yana jiran wanda zai tashe shi.

Wannan ya sa nake ganin Malam ya kama bakin zaren. Gida ba ya ba yaro katin jam'iyya, tambaya yake ba shi wadda zai riƙa yi wa kowace gwamnati. A gidan Malam tambayar ita ce: wa zai yarda mu 'yan ƙasa ne? A gidan Hajiya: wa zai bar mu mu yi kasuwancinmu ba a taɓa mana dukiya ba? Kai kuma, ƙanena, ka auna jam'iyyun da ma'aunin karatu da kuɗin makaranta, kuma ina da yaƙinin cewa a gidanku akwai wanda ya sa maka son boko tun kana ƙarami. A gidaje da yawa na Zongo a da, ana gudun makarantar boko saboda yawancinsu na mishan ne, ana tsoron kada yaro ya bar addininsa, sai da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi a 1987 makarantun Islamiyya masu haɗa boko da Arabiyya suka yawaita. Gidan da ya tura 'ya'yansa boko da wuri da gidan da ya makara ba sa kallon gwamnati da ido ɗaya.

Ɗalibin jami'a, KNUST

Yaya, kin taɓo inda yake. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, an cire ta a aji uku aka ba ta talla, kuma duk ranar da na dawo da sakamako sai ta sa in karanta mata shi layi-layi. Na yarda ma'aunin daga wurinta na samo shi. Abin da ban yarda ba shi ne a ce dole amsar da zan samu ta zama irin tata.

Malamin Islamiyya, Sawaba

Bari in shigo ta fuskar tarbiyya, domin a nan ne nake ganin yara suna shiga ruɗani. Mun tarbiyyantar da su a kan cewa ba a musa wa babba, ba a ɗaga ido a kalli uba, kuma albarka tana ga biyayya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan mu rabu da ita. Amma ɗalibaina manya sukan zo mini gab da zaɓe su tambaya ko saɓa wa iyaye a ƙuri'a yana cikin saɓon da aka hana. Abin da nake gaya musu shi ne ƙuri'a shaida ce, kuma shaida ba a ba da ita da idon wani. Idan uba ya umarci ɗansa ya shaidi abin da bai gani ba, ladabi bai wajabta masa yin haka ba. Abin da ladabi ya wajabta shi ne ya saurari dalilin uban har ƙarshe, kada ya raina shi, kada ya mayar da gida filin kamfe.

Ɗan Malam bai yi rashin kunya ba, kuma bai yi wa kakarsa ƙarya ba, alhali ƙaryar ta fi sauƙi a lokacin. Wannan ma tarbiyyar gidan ce ta fito a bakinsa. Mu kuma malamai muna da namu laifin. Wani lokaci mumbari yakan karkata, yaro ya tashi yana zaton jam'iyyar malaminsa wani sashe ne na karatun da ake ba shi. Ina ganin abin koyi ga Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda kowane ɓangare yake zuwa gaishe shi a Fadama kuma yake yi wa kowa addu'a.

Direban tasi, Asawase

Ni ban yi dogon karatu ba, amma ina ɗaukar mutane kullum ina jin maganarsu. Ku ƙara unguwa a kan gida. Jihar Ashanti ta giwa ce, kowa ya sani, amma mazaɓar Asawase tun da aka kafa ta a 2004 laima take ci, kuma Muntaka Mubarak yana kan kujerar tun zaɓen cike gurbi na 2005. Yaron da ya tashi a nan, ko gidansu ba a maganar siyasa, zai ji ta a majalisar samari, zai ji ta a wurin suna da biki, zai ga cewa wanda ya taimaka aka kai mahaifiyarsa asibiti ɗan wace jam'iyya ne. Bashin alheri ma ana gadonsa kamar yadda ake gadon ɓacin rai. Mahaifina ya ce mana wani jami'in jam'iyya ne ya tsaya masa lokacin da aka so a tashe su daga wurin sana'arsu, kuma har ya rasu yana cewa kada mu ci amanar wannan tsayawar. Mutumin ya rasu, mahaifina ya rasu, ni kuma har yau idan na shiga bayan labule sai in ji kamar yana kallona.

Hajiya mai sayar da atamfa, Kejetia

Ɗana direba, wannan nauyin na san shi. Amma ka tambayi kanka ko mahaifinka jam'iyya ya ce ka riƙe ko kuwa halin tsaya wa mai rauni. Ni sai da na haura shekara hamsin na gane mahaifiyata ba wata jam'iyya take so ba, zalunci ta tsana. A zaɓen da ya wuce na raba ƙuri'ata, shugaban ƙasa daban, ɗan majalisa daban, abin da ake ce wa siket da bulawus, kuma ban ji na saɓa mata ba.

Dattijo, Akwatia Line

Hajiya ta yi gaskiya, kuma jam'iyyun sun san wannan sarai, shi ya sa kowace take zawarcinmu ta ƙofar da ta san tana buɗewa. Giwa ta san tabon 1969 yana nan, don haka Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama a 2000 ya zama Musulmi na farko da ya yi mataimakin shugaban ƙasa, suka kafa reshensu na Zongo mai suna Nasara, daga baya a 2017 aka yi ma'aikata da asusu domin raya Zongo. Laima kuma tana da nata reshen na Zongo, kuma duk zaɓe sai an tuna mana da Busia. A 2024 giwa ta tsayar da Musulmi, amma John Mahama na laima ya ci da fiye da kashi 56 cikin ɗari, kuma na san gidaje a layinmu da aka yi ta muhawara tsakanin addini da gado da tsadar rayuwa har ranar zaɓe.

Abin da yake damuna shi ne muna ba 'ya'yanmu hukunci ba tare da mun ba su shari'ar ba. Mukan ce musu "mu 'yan kaza ne" mu tsaya a nan. Ni kaina sai da jikan nan nawa ya rubuta abin da na faɗa ɗazu sannan ya ɗago ya ce bai taɓa jin labarin korar 1957 ba, alhali shekararsa ashirin da biyu a gidana. Laifina ne. Na ɗauka ya sani ne kawai don yana kwana a ƙarƙashin rufin da abin ya faru.

Malamin sakandare, Aboabo

Na gode wa kowa. Jiya bayan sallar isha'i na ɗauko akwatin kakana na ajiye a tsakar gida, na kira yaron, na roƙi mahaifiyata ta ba shi labarin da bakinta, domin na gane ni ma guntu-guntu na sani. Ta kwance zaren ɗaurin 1969, ta nuna masa rasit ɗin, ta faɗa masa sunayen 'ya'yan kawunta huɗu da suka hau motar, har da ƙaramar da suke kwana tabarma ɗaya. Ya tambaye ta ko an taɓa samun labarinsu, ta ce wasiƙa ɗaya ta zo daga Kano bayan shekara biyu, daga nan shiru. Shi kuma ya faɗa mata dalilinsa, cewa shi da ƙanwarsa sun gama sakandare ba a taɓa koro su gida saboda kuɗi ba. Ta saurare shi har ya gama. Ba ta ce ta yarda ba, shi ma bai ce ya yi kuskure ba. Abin da ta ce kawai shi ne ya nemo wasiƙar a ƙasan akwatin ya duba ko adireshin yana karantuwa.

Dattijo, Akwatia Line

Malam, ka kawo mini shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ku zo da wasiƙar. Akwai wani tsohon fatake a layinmu da ya yi shekaru yana kai goro Kano, wataƙila ya san unguwar.